Langa Mai Lamba Ɗaya

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau ne na fara rubuta magana cikakkiya ba tare da an kama mini hannu ba. Kwalabe ne ke tuna mini da shekarar. Da aka rufe gidajen giya na wajen tashar jirgin ƙasa a Ƙauran Namoda, sai kwalabe suka cika gari, masu su na neman rabuwa da su ko da kyauta. Mata masu sayar da man gyaɗa da kananzir suka yi ta kwasa, amma ba wadda ke son a ga tambarin a jiki. Sai su jiƙa kwalbar a daro ta kwana, da safe su kankare takardar da wuƙa. Daga nan kuma a aiko wurina sayen mazurari. Ban taɓa ƙera mazurari da yawa irin na wannan shekara ba.

Sana'ata liƙi. In bokiti ya huje, ko buta, ko tasa, ni ake kawo wa in toshe da dalma. In ba aiki sai in yanka gwangwanin madara ko na tumatir in yi aci-balbal da mazurari. Ina da 'yar rumfa a kasuwar Ƙaura, ranakun kasuwa kuma in ɗaure kayan aikina a buhu in shiga mota zuwa Zurmi, ko Moriki, ko Shinkafi. Matata ta rasu a shekarar da aka ba mu jiha, wato shekara uku kafin wannan, kuma Allah bai bar mana ɗa ba. Ɗan'uwan da ya rage mini a duniya yayata ce, tana aure a Zurmi, takan zo duba ni sau biyu ko uku a shekara.

Ban shiga ajin yaƙi da jahilci don neman wani matsayi ba. Tsakanin la'asar da magariba ne gidan ke yi mini faɗi. Lokacin ne a da nake jin ƙarar turmi daga cikin gida in na dawo kasuwa. Da na ji ana ajin manya a makarantar firamare a daidai wannan lokaci, sai na je na zauna a bencin yara, gwiwoyina na taɓa tebur.

Malamin da ke koya mana mutumin wajen Shinkafi ne, magidanci mai mata da 'ya'ya uku, da safe yana koyar da yara, da yamma mu. Bayan na shekara a ajinsa ya samu gurbin ƙarin karatu a jami'a a Sakkwato, aka kawo mana wani. Amma in an yi hutu yakan dawo Ƙaura, kuma wata rana ya zo rumfata ya zauna a kan buhun gawayi. Na ɗauka bokiti ya kawo. Sai ya ɗauki wata tsohuwar tasa da ke gefena yana jujjuya ta.

"Baba mai liƙi, wannan tasar daga ina ta fito?"

"Daga juji, Malam. Gindinta zan yanka in toshe wata."

"Kafin juji fa?"

Na ce kafin juji kaji ne ke shan ruwa a ciki, ga alamar bakinsu nan. Ya ce kafin kaji fa? Na dube shi, na ga ba wasa yake yi ba, har ya ciro ɗan littafi daga aljihu. Sai na karɓi tasar na duba ta da kyau. Irinta ba a sayen ta ɗaya, a jere take zuwa ɗakin amarya, ta yi shekaru a jingine a bango ana goge ta ba a ci a ciki. In ta fara dusashewa a sauko da ita a zuba wa maigida tuwo. Ranar da fentin ya ɓare, ta daina fita zaure in da baƙi. Wannan kam ta yi awon gero, don bakinta ya lotsa ta gefe ɗaya, inda ake buga ta a bakin buhu. Ya yi ta rubutu, kansa a sunkuye.

Na ce, "Malam, wai har jami'a aka kai ka don ka karanta bola?"

Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce karatunsu shi ne kallon yadda mutane ke zama da al'adunsu, kuma kowane ɗalibi sai ya zaɓi abu guda ya bi diddiginsa ya rubuta littafi kafin a sallame shi. "Abokaina sun kwashe aure da sarauta da bori. Ni na zaɓi juji. In kana son sanin abin da gari ke ci da abin da yake jin kunya, ba sai ka tambayi kowa ba, yana can a zube bayan gari."

"To matarka ta san da wannan?"

"Ta ce in na dawo in riƙa cire takalmi a waje."

Hutun nan gaba ɗaya kusan kullum yana rumfata. Mun je jujin bayan kasuwa tare, ya ga manoma na loda taki a mangalar jakai suna tsince leda da hannu suna tsaki, don leda ba ta ruɓewa a gona kuma tana kashe awaki. Ya tambayi mai yin guga da tsohon tif na cikin tayar mota, ya tambayi mai yanka takalmi daga taya. Amma ni ya fi tambaya. Shekara ashirin da wani abu ina wannan sana'a, ba wanda ya taɓa tambaya ta komai sai ko yaushe zan gama. Na lura in ya tafi ina ci gaba da ba shi amsa a zuciyata.

Da hutu ya ƙare ya ba ni aiki. Ya ce in tara masa tsofaffin kaya irin waɗanda suka canza aiki a rayuwarsu, kowanne in rubuta labarinsa a 'yar takarda, in sa lamba, in ɗaura masa da zare. Ya ce zai dawo da kaka, bayan jarrabawa, ya ɗauki hotonsu, wasu kuma ya tafi da su ya nuna wa malamansa. Ya bar mini takardu da fensir biyu.

"Ka riƙe mini su amana, Baba. Kuma kai ma hannunka zai faɗa da rubutu."

Na ce ban san ta inda zan fara ba. Ya ce in fara da abin da na san labarinsa tun daga farko har ƙarshe.

Abu ɗaya ne kawai na san labarinsa haka. Langar matata ce, koriya mai jan fure, da murfinta. Da ita ta zo gidana cikin jerenta. Da ta rasu aka raba kayan ɗakinta, danginta suka tafi da nasu, wannan ba wanda ya kula ta don ta tsufa ta yi baƙi, ga liƙi uku a gindi. Ni na yi dukkan ukun. Na ƙarshen a cikin jinyarta na yi shi, don ta ce kunu bai yi mata daɗi a wani kwano sai wannan. Tun rasuwarta langar na ƙarƙashin gadona. Na ciro ta, na yi kwana uku ina rubuta takardarta ina gogewa. Ga abin da na rubuta a ƙarshe: "Ɗaya. Langa. Ta matata ce. Da ita ta zo. Ta ci tuwo, ta auni gero, ta sha kunun jinya. Na liƙe ta sau uku." Na ɗaura mata, na kai ta ɗakin da ke kusa da zaure, wanda ba kowa a ciki, na ajiye a kan tabarma. Niyyata Malam ya ɗauki hotonta kawai, ta koma inda take.

Damina ta sauka, ina ta tari. Wata tsohuwa a Moriki ta ba ni butar ƙarfe da mijinta ya yi alwala da ita har ya bar duniya, daga baya ta koma ta zuba kananzir. Wata Bafillatana a Zurmi ta bar mini ƙwaryar nono da aka ɗinke tsagarta da zare sau biyu, bayan ta gama yi mini dariya. Na samu kwalabe shida na gidajen da aka rufe, uku an kankare su, uku da sauran takarda a jiki. Wasu kayan kuwa daga juji na tsinto su, in bi unguwa ina tambayar mai su. Kafin gero ya nuna na kai lamba talatin da huɗu.

Ga inda na yi kuskure. Mai koyon karatu bai iya karantawa a zuci, sai ya ɗaga murya. Kullum in na dawo aji kafin magariba sai in shiga ɗakin nan, in zauna tsakiyar kayan, in ɗauki ɗaya bayan ɗaya ina karanta takardarsa a fili, ina maimaita inda na yi tuntuɓe. Tagar ɗakin na kallon hanya. Ban yi tunanin abin da mai wucewa zai ji ba: mutum shi kaɗai, matarsa ta rasu, yana tsince-tsince a bola, sannan ya shige ɗaki yana magana da gwangwani. A garinmu kowa ya san irin mutumin da ke yin haka. Na ga dai maƙwabta sun rage tsayawa gaisuwa, wani dattijo ma a masallaci ya riƙe hannuna ya daɗe yana ce mini in yawaita addu'a. Na ce amin, ban gane ba. Yayata ma ban faɗa mata komai ba, don ban ga abin faɗa ba.

Ana saura kamar mako uku Malam ya dawo na tafi cin kasuwar Shinkafi. Nakan tafi tun jajibiri in kwana can, don haka kwana biyu na yi. Da na dawo da la'asar na tarar an share ƙofar gida an yayyafa ruwa, hayaƙi na tashi daga madafa. Rabon da a hura wuta a wurin tun zuwan yayata na baya. Na ji daɗi ƙwarai. Na yi sallama, yayata ta amsa daga ciki, na ajiye buhuna, sai na ga ƙofar ɗakin nan a buɗe. An share shi tas, an naɗe tabarma an jingine. A tsakiya ga sababbin robobi uku shuɗɗa, ɗaya cikin ɗaya, da jan bokitin roba.

Ta fito tana goge hannu da zane. "Sannu da hanya. Ka ga ɗakinka ya koma ɗakin mutane."

"Yaya, ina kayan da ke nan?"

"Wane kaya? Tarkacen? Mai canji ya biyo da kura jiya da hantsi, na ce ya kwashe. Da robobi biyu zai ba ni, na ce bai isa ba, sai da ya ƙara ɗaya da bokiti. Abin da ya ƙi ɗauka na kai juji da kaina."

Mai canji shi ne mai bin unguwa yana karɓar tsohon ƙarfe da kwalba da takalmin roba, ya ba mata sabuwar roba a madadinsu. Na san shi, yakan wuce ta gaban rumfata.

Na tsaya riƙe da ƙyauren. Ta matso ta rage murya, ko da yake ba kowa a gidan sai mu.

"Har Zurmi anka kai mani labari. Wai ƙanena na tsintar bola, shina hira da gwangwani. A gidan suna anka faɗa, gaban mutane, ni ina zaune. Mi kaka so in yi? Uwarmu ba ta bar mani kowa ba sai kai. Wadda ta tahi ta tahi, Allah shi jiƙanta, kai kuma ba ka haukacewa ina da rai."

Na ce, "Ba hauka ba ne, Yaya. Karatu ne. Ajiyar malaminmu ce."

"Malami shi ba ka ajiyar bola? To shi aje a ɗakin uwar ɗiyanshi mu gani." Ta nuna mini kan taga. "Karatunka ga shi can, ban yar da ko ɗaya ba. Ɗaya-ɗaya na kwance su. Rubutu ba a kai shi juji, wa ya sani ko da sunan Allah ciki."

Takardun na nan a jere a kan taga, an daidaita bakinsu, an danne su da murfin langa kada iska ta kwashe. Murfin bai tsufa kamar uwar ba, furensa na nan ja. Ta ce ta ga yana da sauran amfani shi ya sa ta hana mai canji. Ba ta gane langar ba. Rabonta da ganinta tun tana da launi.

Ta yi tuwon gero da miyar kuka, irin wanda mahaifiyarmu ke yi. Na ci, ta zauna tana kallo na har na gama. Na so in faɗa mata, na duba fuskarta na ga yadda hankalinta ya kwanta, sai na sha ruwa na yi mata godiya.

Washegari bayan na raka ta tasha na wuce juji. An yi ruwa, awaki sun bi ta kai, ban samu komai ba sai guntun zare. Mai canji kuma sai bayan kwana shida na same shi a kasuwar Zurmi. Ya ce shi ba ya ajiye kaya, duk abin da ya tara a ranar yake kai wa dillalin ƙarfe na bayan tashar jirgi. Na koma Ƙaura na je can. Fili ne babba, tsibin ƙarfe ya fi tsayin mutum, wasu ƙarti biyu na bugun kwanuka da guduma suna lanƙwasa su don su ci wuri kaɗan a mota. Na roƙi dillalin ya bar ni in duba. Ya ce in duba, amma in na yanke hannu ba ruwansa.

Yamma uku na yi ina juya tsibin nan, ban je aji ba. Na san zan gane ta ko an buge ta, don ina da yadda nake liƙi: faci zagayayye, da ɗigon dalma uku a gefe. Na yi ta ganin ɗigon nan uku. A gindin bokiti, a tasa, a buta, aikin hannuna na shekaru, wasu har na tuna masu su. Ban san na liƙe kayan garin nan da yawa haka ba. Amma langar ba ta ciki. A yamma ta uku ɗaya daga masu gudumar ya tausaya mini, ya ce mota ta yi lodi ta tafi kudu tun kwana huɗu da suka wuce, can ake narkewa. Na wanke hannuna a famfon tasha na tafi masallaci.

Malam ya dawo a lokacin da ya ce, da aron na'urar ɗaukar hoto a rataye a wuya. Na kai shi ɗakin, na nuna masa robobin, na ba shi takardun, na faɗa masa yadda aka yi. Da fari ya dafe kai. Can sai na ga idonsa ya canza, ya laluba aljihu ya ciro littafinsa. Robobi nawa ta karɓa? Ita ta zaɓi launin? Me ta ce game da rubutun, in maimaita masa daidai yadda ta faɗa. Ya ɗauki hoton robobin ta gaba da ta gefe.

"Baba, ka san wannan ya fi kayan? Ta ba da ƙarfe ta karɓi roba, ta ga juji ne, amma takarda ta ɗaga ta sama. Babi guda ne wannan. Kayan dama hoto ne kawai, labarin na nan a takardunka."

Na ce to madalla, tunda amanar ba ta salwanta duka ba. Da gaske na faɗa. Sai na fita na ɗebo masa ruwa.

Da na dawo yana bin takardun daga babbar lamba zuwa ƙarama, don yayata ta juya jerin. Yana karantawa yana gyaɗa kai, wani wurin ya yi murmushi saboda yadda na rubuta kalma. Ya zo kan ta ƙarshe, wato lamba ɗaya. Ya karanta, ya sake karantawa. Ya dubi murfin da ke kan taga.

"Har da ita?"

"Har da ita, Malam."

Ya rufe littafinsa ya mayar aljihu. Can aka kira la'asar. Da zai tafi ya ɗauki takardu talatin da uku, ya miƙo mini ɗayar. Ya ce, "Ni na ce ka fara da ita." Na ce shi bai san da ita ba, ni na fito da ita daga ƙarƙashin gado.

Ya gama karatunsa, aka ba shi aiki a Gusau, ya kwashe iyalinsa. Ya aiko mini da saƙo cewa littafin ya karɓu, kuma ya ambace ni a ciki. Da Turanci aka rubuta shi, ban gan shi ba, ko na gani ma ba zan iya karantawa ba. Sau ɗaya muka sake haɗuwa, a tashar mota, motarsa na shirin tashi, muka gaisa ta taga. Ba wanda ya sake zama a kan buhun gawayina ya tambaye ni daga ina tasa ta fito.

Ajin ban bari ba, na ci gaba har na iya karatu a zuci. Yayata na nan da ranta, ta tsufa, har yanzu in zance ya zo takan ce ita ta warkar da ni. Ban faɗa mata ba, kuma ba ta karatu, shi ya sa na rubuta a nan. Robobinta ba su kai shekara biyu ba suka tsage, roba kuwa ba ta karɓar dalma. Murfin yana kan tulun ruwana, takardar na cikin aljihun buhun aikina.

Abin da ya tafi a ranar: tasoshi da kwanuka goma sha ɗaya, kwalabe shida, aci-balbal biyar, butocin ƙarfe uku, takalman taya uku, guga biyu, mazurari biyu, ƙwarya ɗaya, da langa ɗaya, babu murfi.